Kisan siyasa: Gawa ba ta amsa tambayar alƙali

Tun da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027, maganar kashe-kashen siyasa ta dawo majalisun Bauchi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji a wani shirin rediyo na kiran waya, inda wani ya ce wai batun kisan Ahmed Gulak ya ƙare tun ranar da aka yi shi, tunda 'yan sanda sun bindige makasansa. Da gani mai maganar ya yi boko, ya faɗe ta da gadara, kuma duk waɗanda suka bugo waya bayansa babu wanda ya ce masa kanzil. Wannan shirun ya fi maganar ɓata min rai.

An harbe Gulak, tsohon mai ba Shugaba Jonathan shawara kan siyasa, da safiyar Lahadi 30 ga Mayu, 2021, yana cikin tasi a hanyarsa ta zuwa filin jirgin sama na Sam Mbakwe a jihar Imo. Kafin mutane su gama jajantawa, rundunar 'yan sandan jihar ta fitar da sanarwa cewa ta cim ma makasan a yankin Aboh Mbaise suna rabon albasar da suka ƙwace daga wata tirela da ta taso daga Arewa, an yi musayar wuta, an kashe su. Ta ce 'yan IPOB ne, ƙungiyar masu fafutukar kafa ƙasar Biyafara. Hujjar da aka dogara da ita wajen gane su ita ce kwatancen motocinsu da direban tasin ya bayar. IPOB ta musanta. Gwamna Hope Uzodinma kuwa ya ce abin ya yi kama da kisan siyasa. Gulak fa shi ne ya jagoranci kwamitin zaɓen fid da gwani na APC a Imo a 2018, zaɓen da ya bar baya da ƙura. Duk wannan bai isa a tsaya a yi tambaya ba?

Mai yiwuwa mutanen da aka kashe su ne suka yi aika-aikar. To amma wa ya tabbatar? Gawa ba ta tsayawa gaban alƙali, lauya ba ya yi mata tambayoyi, ba ta faɗin wanda ya aike ta, ko wanda ya tsegunta mata lokacin da baƙo zai bar masaukinsa. Kashe wanda ake zargi yana rufe bakin da ya fi kowane muhimmanci a binciken. Masu cewa duk wanda ya yi irin wannan tambaya yana kare IPOB ne, ba zan ɓata tawada a kansu ba.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne, mu ne fa mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake ƙera shaida. Shekara goma sha huɗu da ɗoriya Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin marigayi Janar Sani Abacha, ya yi a tsare, kuma babbar tuhumar da ta riƙe shi ita ce kisan Hajiya Kudirat Abiola da aka yi a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996. A masallatai aka riƙa yi masa addu'a, hotonsa na manne a bayan motocin haya daga Muda Lawal har Jekadafari. Me muke cewa a lokacin? Cewa muke an kitsa wa shaidu abin da za su faɗa. Kuma manyan shaidun biyu, Sajan Rogers da Muhammad Abdul da ake kira Katako, sun janye maganarsu a gaban kotu. Katako ma cewa ya yi ranar da aka yi kisan yana Azare, nan jiharmu. Duk da haka babbar kotun Legas ta yanke hukuncin kisa a Janairun 2012, sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi a Yulin 2013. Muka yi ta murna. Amma da aka zo kan Gulak, da yake labarin 'yan sanda ya dace da abin da zuciyarmu ke son ji, sai muka haɗiye shi ba tauna. Idan shaidar hukuma abar tuhuma ce ranar da ta kama namu, abar tuhuma ce ranar da ta nuna wanda muke ƙi. Kuma kada mu manta, 'ya'yan Kudirat har yau ba su ga an hukunta wanda ya kashe uwarsu ba.

Wanda yake ganin na matsa wa jami'an tsaro, ya tuna da Olaitan Oyerinde, babban sakataren Gwamna Adams Oshiomhole, da aka kashe a Benin a watan Mayun 2012. 'Yan sanda suka kama nasu mutanen, hukumar tsaro ta farin kaya ta yi holen nata daban, kowane ɓangare da masu amsa laifinsa. Mutum ɗaya aka kashe, a gida ɗaya, a dare ɗaya. Dole ɗaya daga cikin hukumomin biyu ta sa wasu sun amsa abin da ba su aikata ba. Funsho Williams, mai neman takarar gwamnan Legas, an kashe shi a gidansa a Yulin 2006, har aka gayyato masu bincike daga Ingila. Shekaru bayan haka aka shaida wa kotu cewa samfuran da aka ɗiba don gwaji sun lalace saboda ɗaukewar wutar lantarki, kuma a 2014 aka sallami waɗanda ake tuhuma. Bola Ige yana ministan shari'a na ƙasa aka harbe shi a ɗakinsa a Ibadan ranar 23 ga Disamba, 2001, masu gadinsa sun tafi cin abinci, kuma duk wanda aka gurfanar an sake shi. Malam Ja'afar Mahmud Adam, a cikin sallar Asuba aka harbe shi a masallacin Ɗorayi, ranar 13 ga Afrilu, 2007, ana jajibirin zaɓen gwamnoni, a gaban sahun mutane.

Kada mu ɗauka abin na nesa ne. A watan Agustan 2020 'yan bindiga suka shiga gidan ɗan majalisar dokokin jiharmu, Musa Mante Baraza, a Dass, suka kashe shi, suka tafi da iyalinsa. Gombe ta san 'yan Kalare, Bauchi ta san Sara-Suka, 'yan bangar siyasa ke nan, kuma kowa ya san lokacin da kasuwarsu ke buɗewa. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan da aka yi kisa a unguwanninmu ya ga yadda shaida ke mutuwa tun kafin a yi wa mamaci sutura. Kafin motar 'yan sanda ta iso, maƙwabta sun cika tsakar gida, an tattake sawun ƙafa, yara sun tsince kwanson harsashi suna nuna wa juna, wata baiwar Allah ta ɗebo ruwa da tsintsiya ta wanke jinin don kada matan gida su gani. Kowa da kyakkyawar niyya ya yi. Kafin Azahar an kai shi makwanci da harsashin a jikinsa. To da me mai bincike zai yi aiki? Abin da ya rage masa shi ne ya kamo wasu samari, bayan kwana biyu a zaunar da su a ƙasa da ankwa, fuska a kumbure, a jera bindigogi a gabansu, a miƙa musu makirufo. Da yamma bidiyon ya cika Facebook da WhatsApp, ana ta rubuta “ai ya amsa da bakinsa.”

Amsawa da baki a hannun wanda ke riƙe da kulki ba hujja ba ce, a dokar ƙasa ko a shari'ar Musulunci. Dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar tursasawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi ɗaukar bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, da naɗar iƙirari a bidiyo. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da dukan wanda ke tsare laifi. Yaron da ya zauna gaban malami a zaure ma ya san cewa kawo hujja yana kan mai da'awa ne. Jihar da ke alfahari da kotunan shari'a bai kamata a koya mata wannan ba.

Masu cewa a bar wa Allah, ina tare da su a kan cewa akwai ranar hisabi, amma ba a naɗa kwamishinan 'yan sanda don ya jira ta ba. Gwamnatocin Bauchi da Gombe su haɗa kai su samar da ɗakin gwajin shaidu ko da guda ɗaya ne, mai wutar da ba ta ɗaukewa. Malamanmu su fito su yi wa jama'a bayani a kan jinkirta jana'iza na 'yan sa'o'i don likita ya ciro harsashi, domin da bakinsu kaɗai iyalai za su yarda. Lauyoyin jihohin nan biyu su riƙa bin irin waɗannan shari'o'i har ƙarshe, su faɗa mana inda aka kwana. Yaron da aka ba dubu ashirin da ƙwaya ya ja kunamar bindiga ba shi ne ya zaɓi wanda za a kashe ba, kuma muddin ana rufe bincike a kansa, wanda ya aike shi zai sake aiken wani kafin a kaɗa ƙuri'ar 2027.