Alhaji, shinkafa kuɗinka suka saya, ba yaron ba

Kada wanda ya sake ce min gajiya ce ta sa Alhajin nan ya yi abin da ya yi. Tun shekaranjiya da bidiyon gidan abincin nan na unguwar Misfala a Makka ya fara yawo a wayoyinmu, uzurin da ake ta kawo min ke nan: yanzu ya gama ɗawafi da sa'ayi, yunwa yake ji, dattijo ne. To shi yaron da aka ture wa tire miya ta zube masa a ƙirji, aka wurga masa kuɗi a ƙasa ya sunkuya ya tsinta a gaban jama'a, a kan gado ya wuni? Zalunci aka yi masa. Wanda ya yi masa kuwa ko haraminsa bai tuɓe ba, kuma tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsa da Ka'aba.

Ba na neman sunan Alhajin, wanda ya sani ya riƙe abinsa. Halin ba nasa ba ne shi kaɗai, shi dai aka dace da ɗauka. A garin nan nake zaune, duk shekara ina raka baƙinmu cin abinci a titin Ibrahim Khalil da Kudai da Aziziyya, kuma abin da idona yake gani yana ƙona min rai. Mutum ya shigo ba sallama. Ya kira ma'aikaci da tsaki, ko ya ƙyasta masa yatsa, ko ya buga tebur. Ya tsallake layin da mutanen ƙasashe goma suke tsaye a kai cikin haƙuri. Ya miƙa kuɗi da hagu, fuskarsa tana kan waya. Abinci ya ɗan jinkirta, sai ya juya ga abokinsa ya zagi yaron da Hausa, har da iyayensa, yana ganin ai ba ya ji. Yana ji, Alhaji. Wanda ya shekara biyar yana sayar wa Hausawa kaza da shinkafa a Misfala ya san "nawa ne", ya san "araha", ya kuma san ashar. Ko bai san kalmar ba, ya ga fuskarka.

Kuɗinka shinkafa suka saya. Sun sayi kaza da burodi da ruwan sanyi. Ba su sayi mutuncin wanda ya kawo maka ba, ba ya cikin lissafin da aka buga maka a takarda.

Waye ma yaron nan? Ƙidayar Saudiyya ta 2022 ta nuna mutum sama da miliyan 32 a ƙasar, kuma fiye da miliyan 13 daga cikinsu baƙi ne, 'yan Bangaladesh su ne suka fi kowa yawa a cikin baƙin. Su da 'yan Indiya da Pakistan da Yaman da Sudan da Masar su ne a bayan kanta, su ne a kicin, su ne masu gogen tebur. Zauna da ɗaya daga cikinsu bayan an rufe shago ka ji labari. Wani gonar gado aka jinginar aka biya masa biza. Wani an haifa masa ɗa, a waya kawai ya san shi. Igamarsa, wato takardar izinin zama, tana rataye da kafili, ubangidan da ya tsaya masa, kuma duk da sassaucin da aka yi wa dokar ƙwadago a 2021, ƙorafin mai saye guda ɗaya yana iya jawo masa a yanke albashi ko a yi masa tsawa a gaban kowa. Shi ya sa ya sunkuya ya tsinci kuɗin nan bai ce uffan ba. Ba rashin zuciya ba ne. Yana da mutane a bayansa da suke jiran abin da zai tura ƙarshen wata.

Sannan zafi. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, alhazai sama da 1,300 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Kai da ka fito daga otal mai sanyi ka yi tafiyar minti goma ka ce ranka zai fita, ka tuna akwai wanda yake tsaye a bakin tandar burodin tamis tun kafin asuba yana zura hannu cikin wuta, akwai wanda yake gaban kaskon mai yana soya kaza har bayan isha'i. Idan maganar gajiya ce, ba kai ne a sahun gaba ba.

Wasu sun ce ai shi ya biya kuɗinsa, yana da haƙƙin ya yi magana. Magana daban, wulaƙanci daban. An kawo maka abin da ba shi ka ce ba, ka kira shi ka nuna masa, zai canza. Ya ƙi, ka nemi mai shagon. Galibin rigimar da nake gani ma a kan farashi take, kuma yaron ba shi da hannu a ciki. Harajin kaya a Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, hukuma ce ta sa. Riyal yana nan inda yake, 3.75 a dala ɗaya tun 1986. Naira ce ta faɗi. Na san zafin abin: kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025, guzurin da aka bai wa alhaji a shekarar kuwa dala 500 ne, mutum yana juya kowane riyal zuwa naira a kansa kafin ya kashe. Amma ɗan Bangaladesh da yake zuba maka shinkafar kabsa ba shi ya karya naira ba. Ka kai fushinka inda ya dace.

Wasu kuma sun ce su ma ai suna raina baƙar fata, a bar Alhaji ya rama mana. Ni za a faɗa wa wannan? A nan nake kwana nake tashi, na san kallon da ake yi mana a wasu wurare, na san yadda ake wuce ka a sallami wanda ya zo bayanka. Yana faruwa, kuma yana da ciwo. To sai ka rama a kan wa? A kan mafi rauni a cikin shagon, wanda ba ya iya ɗaga ido ya dube ka? Wanda ya san ɗacin raini shi ya fi cancanta ya guje masa. Kuma ku sani, abin da Alhaji ɗaya ya yi cikin minti biyu, mu da muke zaune a nan mu ne za mu biya shi shekara guda. Shi zai hau jirgi daga Jidda ya koma a tarbe shi da motoci. Gobe ɗalibinmu ko 'yar aikinmu ta shiga shagon nan, da fuskar da ya bari za a tarbe ta.

Masu cewa ina tona asirin gida kuwa, asirin da aka yi a bainar jama'a, a gaban 'yan Indonesiya da Turkawa kowa da wayarsa a hannu, ba ni na tona shi ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne duk mun san hadisan nan, tun muna yara a Islamiyya ake karanta mana su. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ya kuma yi umarni cewa idan mai hidima ya kawo wa ɗayanku abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to ya ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafinsa da wahalarsa. Abu Zarri, da girmansa a cikin sahabbai, da ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi ce masa ya yi akwai sauran jahiliyya a tare da shi. A ƙasar nan aka faɗi waɗannan maganganu, a Madinar da Alhajin ya baro kwanan nan yana kuka a gaban Rauda.

Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 197, wanda ya ƙulla niyyar Hajji babu batsa, babu fasiƙanci, babu jayayya. Mun iya kiyaye turare da yanke farce, mun iya tambayar malamin jirgi ko gashi ɗaya da ya faɗi yana da fidiya. Harshe kuwa mun sake shi. Kuma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da ɗawafi. Hadisin matsiyaci yana cikin Sahihu Muslim: wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya doki wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare. Ka sayar da gona, ka tara kuɗin shekaru, ka zo ka tara ladan sallar da ta fi salla dubu ɗari, sannan ka miƙa shi ga yaron da ko sunansa ba ka sani ba saboda kaza ta yi jinkirin minti biyar. Wallahi tausayin Alhajin ma nake ji. In yana garin nan har yanzu, wanda yake kusa da shi ya kama hannunsa ya mayar da shi shagon nan ya nemi afuwa kafin ranar Arfa. Ba abin kunya ba ne, kuma yaron zai yafe, na san irinsu.

Ba wani abu mai wuya ake nema ba. Ka yi sallama. Ka bi layi. Ka dubi fuskarsa idan kana magana. Ba ka jin Larabci, ka nuna da hannu kana murmushi, shi ma Larabcin nasa na kasuwa ne. Ka ce "shukran", ko "jazakallahu khairan" da kowane Bahaushe ya iya. In ka gama ka tattara ƙasusuwanka a leda, kada ka bar tebur kaca-kaca. Ba dole ba ne ka bar masa wani abu, amma riyal biyu ko biyar da za ka sa masa a hannu ba zai rage guzurinka ba. Jami'an alhazai na jihohi da malaman bita, ku sa wannan a cikin bitar da kuke yi kafin tashi, kusa da darasin jifa da na tsayuwar Arfa.

Tun da na ɗauko maganar, bari in faɗi ta iyayenmu mata masu tuwo. Waɗannan namu ne, Hausa suke ji tsaf, wasunsu kakanninsu ne suka tako da ƙafa ta Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya. Su ne suke tuƙa tuwo da miyar kuka su ɗauko daga unguwar Shara Mansur cikin wannan rana, suna dube-dube kada 'yan baladiyya, wato jami'an hukumar gari, su kwashe musu kuloli. Alhaji zai biya Balarabe abin da ya yanka masa ba musu, ya zo wajen Baba mai tuwo ya tsaya cinikin riyal ɗaya, yana kiranta takari da wata irin murya. Wasu ma bashi suke ci, jirginsu ya tashi ba su biya ba. Wata dattijuwa ta nuna min littafinta bara, sunayen jihohi ne da lambobin ɗakuna, ba ta da hanyar samun ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya san ya ci tuwon wata Baba a Misfala ko Jarwal ya tafi da kuɗinta, ya yi min magana ta akwatin saƙo ya kwatanta min inda take zama, zan nemo ta in kai mata.