Sunkuyon da muke yi wa salula shi ke sara mana kai

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa.

Daren jiya bayan isha'i na ratsa wata fada a unguwar Bukoki ta Yamai. Samari cike da benci, butar shayi na tafasa bisa gawayi, ba mai kallon ɗan uwansa. Kowa ya dunƙule, haɓa a ƙirji, kafaɗu sun zubo gaba, hasken salula na dukan fuska. Na yi sallama, biyu suka amsa, su ma ba su ɗago ba. Ina tsaye ɗaya ya dafe ƙeya ya ce wa ƙaraminsu: "Kai, ruga wurin mai tebur ka amso min parasitamol, kan nan zai tsage." Aka kawo, ya kora da shayi, ya koma ya sunkuya yadda yake. Don Allah ta ina maganin zai kama?

Ƙannena, ruwa ba ya tsami banza. Kan baligi wajen kilo 5 ne, kuma in yana zaune daidai bisa kafaɗu, ƙasusuwan wuya 7 ɗin nan na ɗaukarsa ba wahala. Da ka sunkuyar da shi, lissafi ya sake. Wani likitan ƙashin baya a New York ta Amurka, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafin a 2014: sunkuyon digiri 15, wuya na jin nauyin kilo 12. A digiri 30, kilo 18. A digiri 60 kuwa, irin na mai bin TikTok, kilo 27. Ya wuce buhun shinkafa mai kilo 25. Wane ne cikinku zai yarda a aza masa buhun nan a wuya daga isha'i zuwa ƙarfe biyun dare? Amma kullum muna aza wa kanmu, har da biyan kuɗin intanet daga aljihunmu.

Tsokokin da ke gindin ƙeya su ke riƙe kai kada ya faɗi gaba. In suka daɗe a ɗame sai su ƙage. Jijiyoyin saman wuya kuma suna haɗuwa da jijiyar da ke kai saƙon fuska da goshi zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ciwon ke tasowa daga ƙeya ya hau, ya sauka a goshi ko bayan ido. Mutum na shafa mai a goshi, ɓarnar na can baya.

Kuma ko'ina ka waiga abin ɗaya ne. Ɗalibi a unguwar Harobanda, kwamfuta bisa cinya, ya lanƙwashe bisa tabarma har asuba. Ɗan kabu-kabu mai jiran fasinja ya kife bisa tanki yana latsawa. Ma'aikaciya a biro ta maƙale salula tsakanin kunne da kafaɗa tana rubutu. In an kwanta ma ba hutu: a ninka matashi biyu, wuya a karye, a ci gaba. Tela a Babbar Kasuwa ina yi masa uzuri, abincin iyalinsa yake sunkuya wa. Kai fa? Rawar wata da ba ta san kana duniya ba.

Sai a koma wa ƙwaya. Wanda ke haɗiyar parasitamol kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa na iya zame masa sanadin ciwon kai. Ban ma son taɓo zancen tramol, wanda wasu suka fara da sunan ciwon jiki, yau ga su nan suna zance su kaɗai a bakin titi. Wani kuma ya ce jifa aka yi masa, ya kwashi kuɗi ya kai wa boka. Wa ya jefe ka, kai da ka jefi kanka?

Ban ce kowane ciwon kai daga wuya yake ba. Akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai ido mai neman tabarau. In ciwon ya zo da zazzaɓi mai zafi wuya ya sandare, ka nufi asibiti nan take, ba mu manta sanƙarau ɗin da ya afka wa Yamai a 2015 ba. Amma wannan na kullum-kullum, jiki magayi ne. Ɗaga salular ta zo daidai idonka, ka miƙe lokaci-lokaci, ka ja haɓa baya, ka ware kafaɗu. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Da can yaro bai isa ya zauna a dunƙule gaban babansa ba. "Zauna da kyau!" kawai za ka ji, ka miƙe sak. Kakanninmu sun tsufa suna tafiya a miƙe, ga sanda a kafaɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to mu a baibai muke tanƙwarawa: yaron da bai kai shekara 3 ba ya yi kuka, uwa ta miƙa masa salula ya sunkuya ya yi shiru. Wa zai tsawata? Na je wani suna kwanan baya, dattawan da ke sahun gaba, waɗanda muke jira su ce mana mu ɗago, su ma kowa na duba WhatsApp ana tsakiyar fatiha.