Baƙin Man Babur Ba a Zuba Shi da Ka

'Yan uwana matasa masu hawa babur, akwai wani sakaci da nake gani a tsakaninmu wanda yake damuna ƙwarai. Mutum zai wanke mashin ɗinsa ya goge har yana ɗaukar ido, ko daga barci aka tashe shi ya san yawan fetur ɗin da ke tanki, amma ka tambaye shi yaushe rabonsa da duba baƙin mai, sai ya ce ai bai daɗe da yin juye ba. Juye daban, dubawa daban. Inji yana shan mai a hankali tsakanin juye da juye, musamman idan ya kwana biyu ko yana shan lodi da doguwar tafiya, kuma ba za ka ji kukansa ba sai ɓarna ta riga ta auku.

Ƙaramin babur mai 100 zuwa 125cc, duk man da yake ɗauka wajen lita 1 ne, wasu ma 800ml ne. Wannan ɗan man shi ke yi wa fistin hidima, shi ke wanke haƙoran giya, a cikinsa faranten kuloci suke jiƙe, kuma shi ke taimaka wa iska wajen kwashe zafin inji. Idan kwatan lita ya tafi, ba ƙaramin abu ya tafi ba. Famfon mai daga ƙasa yake zuƙowa, da zarar mai ya yi ƙasa sai ya fara haɗawa da iska, kan inji da ke can sama ya bushe. Daga nan sai ƙara, sai zafi, sai wata rana fistin ya cije a tsakiyar titi kana cikin gudu. Ranka ne a kan wannan mashin, ɗan'uwa, da ran wanda ka goya. In kuwa babur ɗin na wani ne ya damƙa maka, to amana ce a wuyanka.

Sai dai yawancin masu dubawar ma ba sa auna shi daidai. Za ka ga babur a jingine kan ƙafar gefe, ya karkata hagu, mai shi ya zaro geji, wato sandar awon mai da ke jikin murfin mazubin mai, ya ga busasshe, hankalinsa ya tashi ya hau tuttula mai. Alhali man yana nan, gefe ɗaya ya kwanta. Ka nemi wuri mai shimfiɗe, ka ɗora babur kan ƙafar tsakiya, in babu wani ya riƙe maka shi tsaye cak. Ka tayar da inji ya ɗumama na minti 3 zuwa 5, ka kashe, ka ba shi minti 2 ko 3 man da ya hau sama ya sauko. Kafin ka buɗe murfin, ka goge ƙurar da ke kewaye da shi, don duk ƙwayar yashin da ta faɗa ciki sai ta ci ƙarfe. Zaro gejin, goge shi tas da tsumma mai tsabta, ka mayar. A yawancin ƙananan babura ɗora shi kawai ake yi a bakin ramin ba tare da an murza ba, amma ka duba littafin mashin ɗinka, domin kamfanoni sun bambanta a nan. Sake zarowa ka kalli inda jiƙon ya tsaya: tsakanin layin ƙasa da na sama ake so, ya fi kusa da na sama. Masu ɗan gilashi a gefen inji, tsugunawa za su yi su kalla, layukan biyu suna nan a jikinsa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai cikawa fal da kyakkyawar niyya, wai don kada inji ya rasa. Garin neman ƙiba a samo rama. Idan mai ya haura layin sama, karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, yana juyawa yana dukansa har ya koma kumfa, kumfa kuwa ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Matsin da ke cikin inji ya ƙaru, mai ya fara neman hanyar fita ta sil da gaskit, wani ya bi tiyon numfashi ya jiƙa matatar iska, fulogi ya yi baƙi, salansa ta soma hayaƙi. Tazarar da ke tsakanin layukan nan biyu ɗan mai kaɗan ne ke cike ta. Saboda haka ka sa mazurari ka zuba kaɗan, ka dakata ya sauka, ka auna, sannan ka ƙara in da buƙata. In ya riga ya yi yawa, sirinji da siririn tiyo sun isa ka zuƙe rarar ta bakin mazubin.

Kada kuma ka zuba duk wanda hannunka ya kai gare shi. Wasu mayukan mota akwai sinadarin ƙara santsi a cikinsu da ke sa kulocin babur zamewa. Ka nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin robarsa, mai kaurin da kamfanin mashin ɗinka ya faɗa, 10W-40 ne ko 20W-50.

Tun da gejin yana hannunka, ka murza ɗigon man tsakanin yatsu biyu, ka sansana. Warin fetur yana nufin fetur na zurarewa cikin inji. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, ko kuma duk mako sai ka yi ƙari, to ƙari ba zai warkar da shi ba, ka kai wa bakanike ya duba ringi da sil. In komai lafiya, ka tabbatar zoben robar da ke jikin murfin yana nan bai tsage ba, ka ɗaure shi da hannu ya kama sosai, ka tayar da inji ka leƙa ƙasa ko akwai inda yake ɗiga.