Wai shekara hamsin aka ɓata a banza?

Tun jiya nake ta cin karo da wani bidiyo inda wani mutum ke buga tebur wai masana fiziks sun kwashe shekara hamsin suna neman ka'ida ɗaya da za ta haɗa dukkan ƙarfin da ke tafiyar da halittu kuma har yau shiru, saboda haka a yanke musu kuɗi kowa ya je ya nemi sana'a. Shi ma bai ƙona min rai kamar masu tafa masa a ƙasa ba, "ka faɗi gaskiya", "ka burge ni". Haba jama'a!

Neman da ba a kai ga amsa ba tukuna ba asara ba ne. Zan ta faɗa har ku gaji da ji.

Ƙarfi huɗu ne aka sani, na janyowa da ke riƙe mu a ƙasa, na lantarki da maganaɗisu, sai biyu na cikin ƙwayar zarra, mai ƙarfi da mai rauni. Ukun ƙarshen nan ka'idar kwantam, mai bayanin ƙananan ƙwayoyin halitta, ta iya da su, na janyowa kuma ka'idar Einstein ta 1915 ce ke bayaninsa, kowacce an gwada ta an ga tana aiki, amma da ka ce su zauna wuri ɗaya kamar a tsakiyar baƙin rami, inda ƙarfin janyowa ke hana ko haske fita, ko farkon fashewar da ta haifi sararin samaniya sai lissafi ya watse. To wanda ya ga wannan ɓaraka da idonsa shi za ka ce wa ya kau da kai?

Bari in ba ku labarin da nake so mutumin nan ya ji. A 1974 masana fiziks Georgi da Glashow suka fito da ka'idar da ta haɗa ƙarfi uku, kuma ka'idar ta ce in har gaskiya ce to furoton, ƙwayar da ke cikin tsakiyar zarra, shi ma wata rana zai ruɓe. Sai Japanawa suka shiga wani ramin haƙar ma'adinai a Kamiyoka, mita 1000 ƙarƙashin dutse, suka gina tanki suka cika shi da tan 3000 na ruwa tsarkakakke, suka jera na'urorin gano haske a bango, suka zauna jiran furoton ɗaya ya mutu ya yi ɗan walƙiya. Bai mutu ba. Ka'idar ta faɗi warwas. A lissafin mai bidiyo an yi asarar kuɗi ke nan ko? To ranar 23 ga Fabrairu 1987 tankin nan da "bai yi amfani ba" ya kama 'yan ƙwayoyin nutirino, masu ratsa kusan komai su wuce, da ba su wuce 12 ba cikin daƙiƙa 13 ko ƙasa da haka, daga wani tauraro da ya tarwatse can nesa, haskensa ya yi tafiyar shekara sama da 160,000 kafin ya iso. Ba a taɓa ganin irin haka daga wajen rukunin ranarmu ba. Koshiba, jagoran aikin tankin, ya karɓi Nobel a 2002 a kan wannan aiki. An je neman abu ɗaya an rasa, an dawo da wani sabon reshen ilmin taurari gaba ɗaya. Wallahi duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Za a ce min ai ka'idar zare, ɗaya daga cikin masu neman haɗa ƙarfin huɗu, har yau ba ta yi hasashen da aka gwada ba. E, haka ne, masanan ma suna cacar baki a kai tsakaninsu, sai me? Maxwell da ya haɗa lantarki da maganaɗisu da haske a 1865 bai rayu ya ga an tabbatar ba, ya rasu a 1879, sai wajen 1887 Hertz ya samar da igiyoyin rediyo da ka'idar Maxwell ta yi hasashe a ɗakin gwaji, kuma igiyoyin nan ne suka kawo wa mai bidiyo bidiyonsa cikin wayoyinmu. Da an yanke wa Maxwell kuɗi fa? Einstein kansa ya yi kusan shekara 30 yana wannan nema har ya rasu a 1955 bai samu ba, ban ji mutuncinsa ya ragu a idona ko kaɗan ba.

Kuma kar a manta an taɓa cin nasara daga baya ma. Abdus Salam da Weinberg da Glashow sun nuna ƙarfin lantarki da mai raunin nan tushensu ɗaya, aka ba su Nobel a 1979, a 1983 aka gano ƙwayoyin W da Z masu ɗaukar ƙarfi mai rauni a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, daidai yadda suka ce.

Salam ɗin nan ma ni ina mamakin yadda ba a cika maganarsa ba. Ɗan Pakistan ne, ya ga yadda kaɗaici ke kashe masani a ƙasar da ba ta da abokan tattaunawa, shi ya sa ya kafa cibiyar fiziks a Tiriyeste ta Italiya a 1964 don masanan ƙasashe masu tasowa su riƙa zuwa su yi 'yan watanni su koma gida, har yau tana nan tana karɓar mutane. Wata rana zan zauna in rubuta muku tarihinsa daban.