Ledar maganin Gwaggo da mai allurar Chaina

Wai har yanzu akwai masu kirana suna cewa in bi a hankali kar in ɓata wa bawan Allah suna, wato mai allurar Chainan da ya sa Gwaggo ta ajiye maganinta. Suna? Gwaggo, matar da ta goya ni, yau kwananta huɗu a gadon asibiti, ruwa a hannu ɗaya, ana tsira mata insulin a ɗayan, shi kuwa gogan naku jiya da safe na bi ta layin na gan shi ya buɗe shago abinsa, ya sha farar rigar likitoci har da abin awo rataye a wuya, ga hoton mutumin nan mai ɗige-ɗigen wuraren soka allura a jiki manne a bango, ga mata sun cika benci suna jiran a kira su. Ni ban kama sunansa ba kuma ba zan kama ba, wanda ya sani ya sani, amma maganar kam sai na yi ta, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Ku tsaya ku ji kafin ku fara jifa, ni fa ba da allurar nake rigima ba, wato akufanca, maganin Sinawa da ake soka wa mutum siraran allurai a jiki. Abin da ya ƙona min rai magana ɗaya ce da ya faɗa mata, wai Hajiya ki ajiye ƙwayoyin nan su ne ke toshe hanya, allura za ta wanke jikin gaba ɗaya. Matar da ta shekara 11 tana shan maganin suga da na hawan jini ba fashi, ko biki za ta sai ta ƙulle su a bakin zani, mutum ɗaya ya zo da zaƙin baki ya raba ta da su cikin sati ɗaya.

Daren da aka kira ni na same ta zaune a bakin gado leɓe ya bushe ƙamas, ta shanye ruwan buta biyu tana neman ƙari, tana kirana da sunan marigayi babanmu. A asibiti nas ta ɗiga jininta a ɗan mitan nan na auna suga, mita ya ƙi ba da lamba, sai HI kawai ya rubuta, wato sugan ya hau ya wuce abin da zai iya aunawa, nas ɗin ta dube ni ta ce yaushe rabonta da magani? Na ce kullum tana sha, har ina rantsuwa. Washegari ƙanwata ta buɗe kwallar da ke ƙarƙashin gadon Gwaggo ta tarar da ledar maganin a ɗaure yadda na sayo ta, ko sacet ɗaya ba a ɓalla ba, sati uku cur. Da ta dawo hayyacinta na ce Gwaggo me ya kai ki? Sai ta kau da kai ta ce, kai ɗan nan, ai Dakta ne ya ce, kuma ni dai gwiwata ta yi sauƙi.

Kuma na yarda gwiwar ta yi sauƙi, wallahi na yarda. Ni kaina an taɓa yi min akufanca shekarun baya da bayana ya riƙe har ruku'u ya gagare ni, wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ce ta yi min, ta ɓare allurai sababbi a gabana, sirara kamar gashin wutsiyar doki, ba ka ma jin shigarsu sai dai in ta ɗan murza ka ji wani nauyi-nauyi da tsami yana bin wurin. Na kwanta rub da ciki minti ashirin har barci ya ɗauke ni, na tashi na ji dama-dama. Saboda haka mai cewa ni ɗan boko ne mai raina maganin da ba na Bature ba ya nemi wata maganar, ni har yau wanzamin gidanmu ke min ƙaho. Amma matar nan da ta yi min ba ta ce in daina komai ba, ta ma tambaye ni ko ina shan maganin da ke tsinka jini kafin ta taɓa ni. Ciwon baya na kai mata, a ciwon baya ta tsaya.

Wannan kalmar da ya rubuta ɓaro-ɓaro a allonsa, holistik, wai gyaran jiki gaba ɗaya, ita ce tarkon. Asalin abin a wurin Sinawa shi ne sun yi imani akwai wani ƙarfi da suke kira ci da ke zagaya jiki ta manyan hanyoyi 12, in ya toshe sai ciwo ya zo, allura ce ke buɗe shi, kuma wannan bayani yana cikin littafinsu Huangdi Neijing da ya haura shekara 2,000. Wuraren sokawa 361 ne a lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita. UNESCO ma ta saka shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2010. Duk gaskiya ne, kuma duk ya haddace yana zuba wa tsofaffi kamar karatun allo. Abin da ba ya faɗa musu shi ne har yau babu likitan fiɗa da ya buɗe jikin mutum ya ga waɗannan hanyoyin, kuma a Chaina ɗin kanta a 1822 sarkinsu Daoguang ya hana koyar da akufanca a makarantar likitocin fada, sai zamanin shugabansu Mao aka farfaɗo da shi sosai lokacin da ƙauyuka ke fama da rashin likitoci.

Kun san ma yadda aka yi Turawa suka rungumi abin? A 1971 wani ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya je Beijing sai afendis ya kama shi. Me likitocin Chaina suka yi masa? Allurar kashe zafi irin ta asibiti suka yi masa, suka sa wuƙa suka yanke abin suka cire. Sai bayan tiyata da cikinsa ya dame shi aka kawo mai akufanca ya soka masa allurai ya ji sauƙi, ya rubuta labarin, Amurka ta ɗauka. A Beijing fa, a gidan masu abin, ba su ce a bar tiyata allura za ta wanke afendis ba. Amma namu na lungu da ya yi kwas ɗin sati nawa oho ya fi su sani.

An ce wa kare ana biki a gidansu ya ce in gani a ƙasa. Jamusawa sun so gani a ƙasa, suka tara masu ciwon baya 1,162 suka kasa su uku, aka buga sakamakon a 2007. Waɗanda aka yi wa akufanca ta gaske kusan kashi 48 cikin ɗari sun samu sauƙi, waɗanda aka bar su a kan magani da motsa jiki na yau da kullum kashi 27, har nan dai sai ka ce allura ta ci gari. To amma kaso na uku da aka yaudare su, aka riƙa soka musu allura sama-sama a wuraren da ba sa cikin taswirar kwata-kwata, su ma kashi 44 sun samu sauƙi. Ni abin da na fahimta a nan shi ne sokawar da kwanciyar da kulawar da sa rai suna rage zafi da gaske, jiki ma yana da nasa sinadarin kashe ciwo da yake saki, amma taswirar nan ta bango ba ita ke aikin ba. Duk da haka inshorar lafiyar Jamus ta yarda tana biya, ga ciwon baya da ciwon gwiwa da suka daɗe. A Amurka Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, ta fara biya a 2020, shi ma ciwon baya, zama 12 cikin kwana 90. A Ingila hukumarsu mai tsara ƙa'idojin jinya, NICE, a 2016 ta ce kar a yi wa masu ciwon baya, a 2021 kuma ta ce ana iya gwadawa ga masu ciwon jikin da ya daɗe ba a gano dalilinsa ba. Kun ga ko a kan ciwo ma ana ta kai ruwa rana. Ciwo, ciwo, ciwo, sai ciwon kai da tashin zuciya. A cikinsu wa ya ce a ajiye maganin suga?

Ga tambaya ɗaya da nake so wani cikin masu kare shi ya amsa min. Chaina na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ciwon suga a duniya, sun haura miliyan 140. In da allura na maganin suga me suke jira? Allurar ce ta ƙare musu, ko kuwa sirrin a shagon layinmu aka ɓoye shi?

Wani ya ce min ai waraka ta Allah ce, in kwana ya ƙare ko da magani sai an tafi. Sannu malam, mun gode da wa'azi. Wanda ya koya mana tawakkali ai shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna, kuma kai da kake faɗa ranar da ɗanka ya yi zazzaɓi da gudu ka tafi kemis. Wata kuma ta ce ita ya yi mata aiki a kafaɗa, to Allah ya ƙara sauƙi Hajiya, ki ci gaba da zuwa in kina so, ba kafaɗarki nake magana ba. Masu cewa ina hana shi cin abinci kuwa, dubu biyar yake karɓa kowane zama, Gwaggo ta yi zama tara, abin da muka kashe a asibiti cikin kwana huɗun nan ya ninka haka, wa ya hana wa cin abinci? Ya ci abincinsa, ya soka allurarsa a gwiwa da baya, amma kar ya ƙara ce wa mai suga ko mai hawan jini ko mai farfaɗiya ko mai shan maganin ƙanjamau ya ajiye ƙwaya. Iyakar maganata ke nan kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji. Steve Jobs na kamfanin Apple da duk kuɗinsa, da aka gano masa kansa a 2003 wata tara ya yi yana ƙin tiyata yana bin tsarin abinci da akufanca da ire-irensu, daga baya shi da kansa ya yi nadama, balle Gwaggo da ke jiran 'yan fansho.

Sannan maganar tsabta, da na raka ta sau ɗaya tun farko na ga allurai a cikin wata kwalba an jiƙa su da sifirit, ban kawo komai a raina ba, yanzu nake cizon yatsa. Allurar akufanca sau ɗaya ake amfani da ita a yar, a ɓare ta a gabanka, a ƙasar da ciwon hanta ya yi mana katutu ba abin wasa ba ne a cire daga jikin wani a soka a naka. Kuma wanda bai san jiki ba in ya zurfafa a ƙirji ko saman baya yana iya huda huhu, sananniyar matsala ce. Na sa an yi wa Gwaggo gwajin hanta, muna jiran sakamako, ku taya mu da addu'a.

Abin da ya fi ba ni tausayi na bar shi sai yanzu. Jiya da dare ina ba ta kunu ta ce min, ka san shi yana zama ya saurare ni. Ya tambaye ta barcinta, ya tambaye ta me take ci, ya tambaye ta tun rasuwar Malam wa ke zama da ita hira, minti arba'in yana ce mata Hajiya sannu. A asibiti kuwa za ta fita tun asuba ta karɓi kati, ta wuni a layi, likita ya rubuta mata magani cikin minti uku ko ɗago kai bai yi ba, ba don mugunta ba, mutum ɗari ke bayanta. Mu ma 'ya'yanta sai dai mu aika kuɗin magani ta waya mu ce an yi zumunci. Na ji kunya wallahi, shiru na yi na ci gaba da fifita kunun. Da a ce ya yi mata wannan sauraron ya soka gwiwar sannan ya ce Hajiya kar ki kuskura ki bar maganinki, da ni da kaina zan riƙa biyan dubu biyar ɗin har in kai masa goron sallah. Bai yi ba.

Af, tunda ana maganar Sinawa, maganin maleriyar nan da muke sha irin su Coartem asalin sinadarinsa daga wata ciyawa ce 'yar uwar tazargade, wata mata Tu Youyou ce ta tono shi daga tsofaffin littattafan maganinsu, aka gwada aka sake gwadawa, har ta gwada a jikinta, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Na tuna ne saboda sauron da ke ɗakin da Gwaggo take kwance ya fi ƙarfin mutum, tagar ba raga, jiya kwana na yi ina kora da kwali, yau sai na sayo gidan sauro kar mu zo da suga mu koma da maleriya.