Baddalawa daban, wanki daban

Jama'a, kalmar "satar fasaha" ta yi arha a bakinmu. Da an ga labari ya yi kama da wani, sai a hau marubuci da ihun ɓarawo. Alhali akwai kalmar da malaman adabi suka daɗe suna amfani da ita: baddalawa. Asalinta Larabci ne, ma'anarta sauyawa. Wato ka ɗauko labarin da ya riga ka zuwa duniya, ka sake masa gari da suna da ɗabi'a, har ya zama ɗan gida.

In baddalawa sata ce, to sai mu fara kama Abubakar Imam. Magana Jari Ce da aka fara bugawa a Zariya a 1937, labaranta da yawa daga Alfu Laila suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamusawa, shi kansa akun da ke ba da labarin daga littattafan Indiya da Farisa ya taso. Ku duba Kalala da Kalalatu. A wurin Jamusawa, mai dafa abinci ce ta cinye kaji biyu na maigidanta, ta tsorata baƙo, maigida ya bi shi a guje da wuƙa a hannu yana roƙon ko guda ɗaya. Imam ya mayar da ita matar aure, sai rigimar ta koma ta miji mai son jawo baƙi da matar da ta gaji da girki. Wa ya karanta wannan a firamare ya ji ƙanshin Jamus? Aiki ke nan, kuma aiki mai wuya.

Wanki kuwa, 'yan Kannywood da kansu suka raɗa sunan. A zauna a gaban fim ɗin Indiya a kwashe shi fitowa bayan fitowa, har inda jaruma za ta fashe da kuka, a sa mata hijabi a ce labarin Kano ne. Shi ya sa za ka ga uban yarinya yana abin da babu uba Bahaushe da zai yi, mai kallo yana ta tsaki.

Ni dai mai baddalawa abu ɗaya nake nema a wurinsa: ya faɗi inda ya samo. Layi ɗaya a bangon littafi ko a farkon fim ya wadatar. Mai wanki kuwa ko ya faɗa, da sauran aiki a gabansa, don har yanzu bai rubuta komai ba.