Tsutsar cikin dabba ba iri ɗaya ba ce

Wai in tsutsa ta kama tunkiya ai ita kaɗai ce a ciki, babba tana cinye ƙanana, haba jama'a ba haka bane. Tunkiya ɗaya sai ta ɗauki kala uku, wata na tumbi tana shan jini, wata na hanji tana kwasar abinci, ta hanta kuma can cikin hanta, kowacce ta kama gefenta shi yasa gasarsu bata kai wata ta kori wata ba. Ta tumbi daga jiƙaƙƙiyar ciyawar damina ake ɗauka, ta hanta sai ta bi ta katantanwar fadama irin ta Haɗeja, sannan dabbar da aka sayo a Maigatari ko Wudil kan iya zuwa ta zuba ƙwan tsutsa a kashinta. Allurar maganin tsutsa ta ivermectin ma bata kashe ta hanta, a tambayi likitan dabbobi.